Wayar fiyus ɗin a-kori-kurata ta ƙone, wacce zan mayar?

Mai A-kori-kura: Assalamu alaikum jama'ar gida, a taimaka min da shawara. Shekaranjiya na ɗauko tumatir daga Kwanar Gafan zan kai 'Yankaba da tsohuwar Nissan ɗina. Bayan magariba, ina cikin tafiya na faɗa wani rami, sai komai ya ɗauke lokaci guda, fitila da oda da dashbod har injin. Na murɗa makulli, ko ƙyas. Wani yaro mai riwaya a bakin hanya ya zo da tocilan, ya leƙa wajen kan batir na fozitif, ya kama wata 'yar guntuwar waya ya ja, sai ta miƙe kamar danƙo. Ya ce fiyus link ne ya ƙone. Ya yanke ta ya jefar, ya ɗauko wayar gida 2.5 ya murɗa, ya naɗe da salatif, mota ta tashi. Alhamdu lillahi tumatir bai lalace ba. To amma tun jiya ina jin ƙaurin roba in na buɗe bonet. Yau na je shagon kayan gyara, an nuna min kala uku, koriya da ja da baƙa, mai shagon ya ce in ɗauki ja don ta fi ƙarfi. Tsohuwar kuma tana can cikin ciyawa, ban san kalarta ba. Wacce zan saya? Ko in bar ta yaron kawai?

Admin: Wa alaikumus salam, Allah ya tsare gaba. Kafin masana su shigo, ka cire kan batir na negetif duk lokacin da ka ajiye ta. Kar ta kwana a cikin gida a haka.

Direban Hayis: Oga, bar ta kawai. Tawa shekara biyu ke nan da haɗin dairek, babu fiyus a tsakani, kullum ina kan hanyar Jos, ko atishawa ba ta taɓa yi ba. Masu shago ne ke son cin kuɗinka.

Injiniya: Malam direba, taka ba ta yi atishawa ba ne don har yanzu babu wayar da ta taɓa bodi. Ranar da ta taɓa za ka san amfanin abin da aka cire.

Alhaji mai a-kori-kura, bari in fara da maganar mai shago, don a nan kuskuren yake. Wannan 'yar wayar ba ƙarfi ake nema a wajenta ba. Da gangan aka yi ta ta fi kowace waya rauni a layin, don in wuta ta yi yawa ita ta narke ta huta da kowa. Batirin mota in ya samu hanya kai tsaye zuwa bodi, ɗaruruwan amfiya yake turawa cikin ƙiftawar ido. Dole wani wuri ya ƙone. Ko dai wannan guntuwar da take waje inda ido ke ganinta, ko kuma babbar wayar da ke naɗe cikin damin wayoyi, ta bi ta bayan dashbod, kusa da tiyon mai. Yanzu da aka sa maka 2.5 ta gida, wadda kaurinta ya kusa kamo na wayar motar, babu sauran mai rauni a layin. In an samu shot, wato wayar wuta ta taɓa bodi, su biyun za su yi ja tare.

Na biyu, rigarta. Rigar wayar fiyus roba ce ta musamman, da yawansu Hypalon ake yi da ita, tana jure zafi, ba ta saurin kama wuta. Shi ya sa da yaron ya ja ta miƙe: jan ƙarfen ya narke a ciki, rigar tana nan. Rigar wayar gida kuwa narkewa take yi tana ɗiga, ta bar jan ƙarfe tsirara.

Baba Riwaya: Injiniya, duk na yarda, amma kar a zagi yaron nan. Dare ne, ga kaya mai lalacewa, ga hanya yadda ta zama yanzu. Ni ma da ni ne sai na tayar masa da mota, da babu gara ba daɗi. Laifinsa biyu ne kawai. Ya sa mai kauri, alhali in za ka yi na gaggawa siririya ake sawa, wadda in matsalar tana nan za ta sake tsinkewa ta gaya maka. Sannan bai ce masa washegari ka je a cire ba. Mu da muka koyi aiki a kan fijo da Datsun, ogana sai ya mare ka in ka jefar da abin da ka ciro daga motar mutum. Sawa ake yi a aljihun mai mota, don da shi zai je kasuwa.

Kuma Alhaji, ruwa ba ya tsami banza. Ka ce rami ka faɗa sannan ta ɗauke. Ni wannan ramin ya fi damuna fiye da kalar waya.

Mai A-kori-kura: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To in siririya ake so, ai koriyar ce ta fi siranta a cikinsu. Ita zan ɗauka ke nan?

Injiniya: A'a, kar a gudu gara a faɗa gidan zago. In ta yi siranta da yawa, wutar yau da kullum ma za ta cinye ta. Ka kunna fitila da fanka, altaneta tana cajin batirin da ya yi sanyi, sai ta sake ajiye ka a daji ba tare da wani shot ba.

Akwai ƙa'ida. A ma'aunin Amurka da ake kira geji, wayar fiyus takan kasance ƙasa da wayar da take karewa da lamba 4. Su lambarsu a juye take, in ta yi sama waya ta ƙara siranta. Wayar geji 10 ana kare ta da 14, ta 12 da 16, ta 14 da 18, ta 16 da 20. Motocin Japan kuwa da faɗin jan ƙarfen suke lissafi, irin yadda muke cewa 1.5 da 2.5 a wayarin gida. Geji 10 ya yi kusan 5, geji 12 kusan 3, geji 14 kusan 2, geji 16 kusan 1.25, geji 18 kusan 0.85, geji 20 kusan 0.5. A tsofaffin motocin Japan irin taka, koriya 0.5 ce, ja 0.85, baƙa 1.25. Ka ga ja ɗin da aka ce ta fi ƙarfi ma ba ita ce babbar cikinsu ba.

Saboda haka kafin ka san wacce za ka saya, sai ka san girman wayar da ke bayanta. In kana da littafin motar ko akwai rubutu a jikin soket ɗin, shi ke gaba da duk lissafina.

Ɗan Panteka: Ni sana'ata ke nan, bari in tsoma baki. Kar wanda ya sayi abin nan da kala kaɗai. Kala ba yare ɗaya take yi ba. Koriyar Japan 0.5 ce kamar yadda Injiniya ya ce, amma a tsofaffin Ford na Amurka koriya geji 14 ce, wato wajen 2.0, ninki huɗu ke nan. Su biyun in ka ajiye a kan tebur duk kore ne. Haka fiyus: ƙaramin nan mai ƙafa biyu in kore ne amfiya 30 ne, amma mai kama da ɗan akwati da taga a sama in kore ne 40 ne. A irin masu akwatin, ruwan hoda 30, kore 40, ja 50, rawaya 60, baƙi 80, shuɗi 100. Lamba ake karantawa, kala taimako ce kawai don hannu ya yi sauri.

Wani abu kuma, kar a auna da ido daga waje. Rigar wayar fiyus kauri gare ta, sai ka ga ta fi wayar motar girma alhali jan ƙarfen cikinta bai kai rabi ba. Nan ne yara suke ruɗewa, su nemo wadda ta yi daidai da ita a ido.

Sannan gaskiya akwai jabu. Ana yanko wayar banza a maƙala mata soket a ce fiyus link ce. Ta gaske rigarta laushi gare ta kamar roba, ba santsi da ƙyalli irin na leda ba, kuma sau da yawa za ka ga rubutu a jikinta ko 'yar tuta mai lamba. Ni na fi son in ciro wa mutum daga damin wayoyi na Beljiyam in dai ba ta kumbura ba.

Direban Hayis: Ai ga shi nan, na faɗa. Kowa tallar hajarsa yake yi.

Ɗan Panteka: Haba oga, ni ina Kaduna shi yana Kano, Ƙofar Ruwa zai je. Nawa zan ci a ciki? Kuɗin abin ma bai kai na man da kake sha daga tasha zuwa bayan gari ba.

Almajirin Gareji: Don Allah iyayen gida ina da tambaya, ina koyon aiki ne. Yaya ake gane girman wayar mota in babu rubutu? Ogana da ido yake ganewa, ni kuwa duk ɗaya nake ganinsu.

Baba Riwaya: Yaro, ƙirga silin. Ka feɗe rigar kaɗan, ka baza gashin jan ƙarfen a kan farcenka ka ƙirga. A yawancin wayoyin motocin Japan na da, sili 7 shi ne 0.5, sili 11 shi ne 0.85, 16 shi ne 1.25, 26 shi ne 2, 41 shi ne 3, 65 shi ne 5. Amma wannan sai in wayar kamfani ce, ba wadda wani ya taɓa canzawa ba, don ta kasuwa kaurin silinta daban ne. Oganka ma ƙirgawa ya yi shekara da shekaru har idonsa ya haddace.

Alhaji, in ka cire haɗin yaron, bakin wayar motar yana nan a feɗe. Ƙirga ka gaya mana.

Maman Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don kamar danginsu ɗaya. Corolla ce. Batir ya yi sanyi, ƙanin maigidana ya jawo wata mota za a ba ta wuta, ashe ya juya kawunan, ja a kan baƙi. Tartsatsi ya tashi, tun daga nan shiru. Wanda aka kira ya ce babban fiyus ne, ya sa filaya yana ja har gefen akwatin ya tsage, bai fito ba. Yanzu ya ce a sayo mai 140 don kar ya sake ƙonewa.

Injiniya: Hajiya, ki dakatar da shi tun bai ƙarasa akwatin ba. Wanda aka rubuta wa ALT ba a zare shi kamar ƙananan, da noti aka ɗaure ƙafafunsa ta ƙasa. Sai an cire batir, an kwance akwatin an buɗe gindinsa, sannan a kwance notin. Lambar kuma tana nan a jikin murfin akwatin da saman fiyus ɗin, a irin waɗannan motocin yawanci 100 ne ko 120. Abin da aka rubuta shi za a mayar, ba ƙari.

Kuma wannan fiyus ɗin godiya ya kamata a yi masa. A cikin altaneta akwai diyod, masu barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. In aka juya batir sai su zama buɗaɗɗiyar ƙofa, wuta ta kwarara. Da mai 140 ne a wurin, da ya ƙara jinkiri kafin ya tsinke, kuma a wannan ɗan jinkirin ne ake asarar altaneta ko abin da ya fi ta tsada. Bayan an canza a duba ƙananan fiyus ɗin duka, sannan a sa mita a kan batir injin yana aiki. In an ga tsakanin volt 13.5 da 14.5, caji lafiya.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Na tura wa Baban Biyu, shi zai je ya tsaya a kansu.

Mai A-kori-kura: Baba, na ƙirga sau biyu, na farko 40 na biyu 41. Farar waya ce, na bi ta da hannu, wajen altaneta ta nufa. Kuma na gano inda ƙaurin yake fitowa: daidai inda yaron ya murɗa, salatif ɗin ya narke ya manne, jan ƙarfen ya yi baƙi.

Baba Riwaya: To, 3 ke nan, baƙa za ka saya, 1.25. Ƙaurin kuma na murɗi ne. Duk haɗin da bai kamu sosai ba zafi yake yi, ballantana an haɗa wayar gida mai tauri da ta mota mai gashi. Ka yanke wurin da ya yi baƙi har sai ka ga jan ƙarfe mai haske.

Amma kar ka ɗaura sabuwar tukuna, in ba haka ba sau biyu za ka saya. Nemo ƙwan fitilar gaba, ko tsoho ne in dai sili ɗaya yana kamawa. Jona masa waya biyu, ka sa shi a gurbin wayar fiyus ɗin, ƙafa ɗaya a kan batir, ɗaya a farar wayar. Makulli a kashe, ƙofofi a rufe, ka mayar da negetif. In akwai shot, ƙwan zai haska sosai, kuma ba abin da zai ƙone, don ƙwan ba ya barin abin da ya wuce amfiya 5 ya wuce. In bai haska ba, kar ka yi murna. Sa yaro ya zuba masa ido, kai kuma ka bi damin wayoyin kana girgizawa taku-taku, musamman inda ya ratsa ƙarfe ko ya kwanta a kan injin. Ramin nan wani abu ya motsa.

Injiniya: Wannan dabarar ta Baba ta fi mita a irin shot mai zuwa yana tafiya. Ni dai da motata ce, da na huta da wayar fiyus gaba ɗaya, na sa babban fiyus mai noti a kusa da batir. Lambarsa a rubuce, in ya ƙone kana gani, canzawa minti biyu.

Baba Riwaya: A nan muka rabu, Injiniya. Lamba nawa za ka sa masa? Ita wayar fiyus ba a rubuta mata amfiya, da girma da tsawo take aiki, kuma haƙuri gare ta, wuta ta ɗan yi tsalle na daƙiƙa ba ta kulawa. In ka yi canji sai ka yi hasashe, kuma masu hasashen nan kullum sama suke yi. Sannan gidan fiyus ɗin da ake sayarwa, ka bar shi a bonet ya sha zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, ƙafafun su saki, sai gidan ya narke fiyus yana nan lafiyarsa ƙalau. Na cire irinsu ba adadi.

Injiniya: Ba hasashe ba ne Baba, da girman waya ake zaɓa, a sa wanda bai wuce abin da wayar za ta iya ɗauka ba, kuma ya ɗara abin da altaneta ke fitarwa. Ai kamfanonin da kansu sun koma masu akwati da masu noti, shi ya sa ba ka ganin irin wannan wayar a yawancin sababbin motoci. Amma na yarda da kai a kan gidan fiyus na araha, shi ya sa na ce mai noti.

Baba Riwaya: Kamfani ya auna nasa kafin ya sa. Kai ma in za ka zauna ka auna, bismilla. Mutumin da zai koma ɗaukar tumatir jibi, a mayar masa da abin da motarsa ta zo da shi.

Almajirin Gareji: Baba, tsawon fa? In an samu doguwa a naɗe ta kawai?

Baba Riwaya: A'a. Daidai tsawon ta asali, in an sani. In ba a sani ba, kar ta wuce inci 9. In ta yi tsawo tana cin wuta tana ɗumi a banza, in ta yi gajarta sosai zafin yana tserewa cikin manyan wayoyin da ke gefenta, sai ta yi nawar tsinkewa. Kuma ba a cusa ta cikin dami a naɗe da sauran wayoyi, a sarari ake barinta, nesa da tiyon mai. Haɗin kuma da ɗan bututun ƙarfe ake matsewa da filayar matsi. In za ka ƙara dalma, kaɗan a bakin haɗin, kar ta bi cikin wayar ta sandare. Wani abu da za ka riƙe: babbar wayar da ke zuwa kik, mai tayar da injin, ba a sa mata wayar fiyus, wutar da kik ke ja ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Mai A-kori-kura: Ina kwananku. Baba, Allah ya ja da rai, ga labari. Na yi yadda ka ce da sassafe, ƙwan bai haska ba. Na sa babban ɗana ya tsaya a kansa, ina bin wayoyi ina girgizawa, har na fara cewa ɓata lokaci ne. Ina kai hannu bayan altaneta sai yaron ya yi ihu, wai ya kama ya mutu. Na sake taɓawa, ya sake kamawa fau. Da na leƙa da tocilan, ashe maƙalin da ke riƙe farar wayar ya karye tun ban san yaushe ba, ta kwanta a kan gefen ƙarfen da ke riƙe altaneta. Ƙarfen ya ci rigar, wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba, har da ɗan tabon walda a jikin ƙarfen. Kwana uku ke nan ina yawo da ita a haka da wayar gida.

Na kai wa mai riwaya na unguwarmu, ya yanke wurin ya yi sabon haɗi, ya zura ta cikin tiyo ya ɗaure nesa da ƙarfen. Mun sa baƙa, an rubuta 1.25 a 'yar tutarta, da soket ɗinta ta zo. Mita ta nuna 14.1. Na sayi ta biyu na jefa a aljihun dashbod.

Admin: Ma sha Allah. Alhaji, in da hali ka turo hoton wurin da ƙarfen ya ci, a ajiye wa masu koyo.

Direban Hayis: Baba, tambaya ce kawai, ba wai wani abu ba. In mutum ya ƙirga ya samu 65 fa?

Baba Riwaya: Mutumin nan Hayis yake ja? 65 dai 5 ke nan, ta 2.0 ce abokiyarta. Amma kar ka saya tukuna, yawancin Hayis mai akwati suke amfani da shi, sai na ga abin da aka cire aka yi maka dairek ɗin. Ka biyo da ita gobe bayan azahar in ka sauke fasinja, ka taho da murfin akwatin fiyus ɗin in ba a jefar ba.